Shin talakan manomi ɓarnatar da kuɗin tallafi yake yi?

An daɗe ana cewa idan ƙungiyar agaji ta damƙa wa talakan manomi tsabar kuɗi, a giya da taba za su ƙare, gara a ba shi kaya. Masu wannan ra'ayi ba da mugun nufi suke faɗa ba. Galibi sun taɓa ganin mutum ɗaya da ya yi haka, kuma irin labarinsa ne ya fi yawo.

Sai dai an bincika. A 2014 an tattara sakamakon bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, kusan dukkansu ba su nuna ƙaruwar sayen giya ko taba ba, a wasu wuraren ma raguwa aka gani. A ƙauyukan yammacin Kenya, inda aka tura wa iyalai kuɗi ta waya ba tare da sharaɗi ba, da yawa dabbobi suka saya, suka yi rufin kwano, abinci ya ƙaru a gida. A ganina ba abin mamaki ba ne, manomi ya fi kowa sanin abin da ya tsaye masa, ko iri ne ko bashi ko magani. Kuɗin dai ba sa gina hanya ko kawo kasuwa kusa, wannan wani aikin ne daban.

Idan ka ji labarin irin wannan shiri, tambayi ko an kwatanta waɗanda suka karɓa da waɗanda ba su karɓa ba, gidaje nawa aka duba, ko an sake komawa a duba su bayan wasu shekaru, kuma wa ya yi binciken, masu shirin ko wasu daga waje.

Don Allah a tura wa wasu su ma su karanta.