Kayan atisaye a wasan zamiyar ƙanƙara: me ake nufi da su?

Duk wanda ya taɓa kallon gasar Olamfik ta lokacin hunturu a talabijin, ko ya ci karo da guntun bidiyonta a TikTok, ya san wasan nan da mutum zai sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa ya riƙa sulalewa a kan ƙanƙara yana bin kiɗa, can sai ya daka tsalle ya juya a sama sau uku ko huɗu ya dira da ƙafa ɗaya ko gezau. Abin da ido ke fara kamawa kuwa kayan jikinsu ne, ƙyalli ta ko'ina, an jera duwatsu a ƙirji da hannu. To waɗannan sunansu kayan gasa, kuma ba wani daɗewa ake yi da su a jiki ba, gajeren wasa minti 2 da daƙiƙa 40 ne, dogon kuma minti 4. Kayan atisaye su ne waɗanda ba a cika nuna mana ba, waɗanda ɗan wasa ke sawa kullum safiya idan ya je horo, ya yi gumi a cikinsu, ya faɗi a cikinsu sau ba adadi, ya dawo gida ya wanke gobe ya sake sawa. Idan ka ji masu wasan suna zancen kayan atisaye ba riga da wando kawai suke nufi ba, har da safa, safar hannu, abin ɗaure gashi, soson da ke kare ƙugu, hular kwano ga masu koyo, kai har robar da ake rufe kaifin takalmi da ita.

Mu da muka taso a zafi, da mun ji an ce ƙanƙara tunaninmu na farko shine a nemo duk rigar sanyin da ke cikin akwati a jibga. Nan ne kuskuren yake farawa. Ita ƙanƙarar da ake wannan wasa a kanta tana wajen digiri 3 zuwa 5 ne ƙasa da sifili, amma iskar cikin zauren ba ta kai haka ba, yawanci tana sama da sifili, kuma wasan ba tsayuwa ake yi ba, cinya da mara da baya duk aiki suke, minti goma sha biyar ya isa mutum ya fara jin zufa na bin bayansa. To ka ga wanda ya sa ƙatuwar jaket irin ta shiga dusar ƙanƙara ba shi da yadda zai yi, in ya cire sanyi ya kama shi, in ya bar ta ya dahu a ciki, ga shi ko hannu ba ya iya ɗagawa da kyau. Shi yasa masu abin suke sa kaya hawa-hawa, riga kan riga amma kowacce mara nauyi: ta ciki mai dogon hannu da ta kama jiki, sai wata 'yar mai laushi a kai, sai jaket mai zif wadda da jiki ya ɗau ɗumi za a zuge a cire a rataye a jikin katangar filin, in an tsaya sauraron koci jiki ya fara hucewa a mayar.

Rigar ciki ita ce ta fi muhimmanci kuma ita mutane suka fi rainawa. Auduga tana da daɗi a jiki, ba musu, a zafin Kano ko Zinder babu kamarta, amma halinta shine ta sha zufa ta riƙe. A cikin zauren ƙanƙara jiƙaƙƙiyar riga manne da baya, da ka tsaya na minti biyu sai ka ji kamar an watsa maka ruwa. Shi yasa ake neman yadin foliyesta ko nailan da aka haɗa da zaren roba, wanda yake fitar da zufa waje ya bushe da wuri. Shi wannan zaren robar mai miƙewa ya dawo, wani masanin sinadarai Joseph Shivers ne ya samar da shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, aka sa masa sunan kasuwa Lycra, kuma yau da wuya ka ɗauki kayan atisaye ka duba takardar da ke wuyansa ba ka ga an rubuta akwai shi a ciki ba.

Sai maganar matsewa, wadda nasan ita ce za ta fi tsaya wa mutanenmu a rai. Me yasa sai kaya sun kama jiki? Ba gayu ba ne. Ka duba takalmin da kyau, ƙarfen ƙasansa faɗinsa wajen milimita 4 ne kacal, an fafe tsakiyarsa ya zama yana da baki biyu masu kaifi, na ciki da na waje, a gabansa kuma akwai wasu haƙora kamar na zarto da ake cakawa a ƙanƙara in za a yi tsalle. Yanzu a ce wandonka yana da faɗin ƙafa, ka zo tsallake ƙafa ɗaya kan ɗaya wajen shan kwana, wanda shine ɗaya daga cikin abubuwan farko da ake koyo, haƙoran nan su sarƙe bakin wandon ɗaya ƙafar, ai sai dai ka ji ka a ƙasa, kuma faɗuwa ce ta fuska wadda ba ka shirya mata ba. Dalili na biyu na koci ne. Duk wasan nan a gwiwa da ƙugu yake, ko gwiwa ta lanƙwasa yadda ya kamata, ko ƙugu ya karkace, ko kafaɗa ta riga ƙafa juyawa, koci da ido yake gane waɗannan daga nesa, in ka lulluɓe su da burmemen kaya to ka biya kuɗin darasi a banza. Na uku kuma juyi, ɗan wasa yana tattare hannu da ƙafa ya matse su a jiki don ya riƙa wulwulawa kamar katantanwa, duk abin da ke lilo a jikinsa zai buɗe ya ja shi baya. Ilia Malinin na Amurka da ya fara dira tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi a gasa a watan Satumban 2022, duka juyin nan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya yi su a sama, a irin wannan wuri ko igiyar hular jaket da ke kaɗawa damuwa ce.

Wandon jins kam a manta da shi. Ba ya miƙewa, in ka faɗi ya jiƙe, in ya jiƙe ya sandare ya ƙi bushewa.

Safa ma akwai abin mamaki a cikinta. Hankali zai ba ka cewa mai kauri za ka sa, biyu ma in da hali, alhali siririya ake so, doguwa da ta wuce bakin takalmin, mara ɗinki mai tudu a yatsu. Takalmin zamiya an yi shi ne ya riƙe ƙafa gam musamman idon sawu, safa mai kauri tana sa ƙafa ta riƙa yawo a ciki, ga ta tana naɗewa ta goge fata ta yi bororo, in kuma ka ɗaure da ƙarfi don ka hana yawon sai jini ya kasa zagayawa yatsu su ƙara yin sanyi, wato abin da ka gudu shi ka tarar. Akwai ƙwararrun da ko safar ba sa sawa sam don su ji ƙarfen sosai a tafin ƙafarsu, amma wanda zai karɓi takalmin haya da ƙafafu ɗari suka shiga kafin tasa, don Allah ya sa safa.

Safar hannu kuwa ba don sanyi kaɗai ake sa ta ba. Ƙanƙarar da aka daɗe ana wasa a kanta ba sumul take ba, duk ta karce, in ka faɗi da tafin hannu tana iya ɗaye fata, sannan ga wasu suna wucewa ta gefenka da kaifi a ƙafarsu, shi yasa ake koya wa yara in sun faɗi su dunƙule hannu su janye shi jiki kafin su miƙe. Kaifin nan ba abin wasa ba ne, a watan Janairun 1996 'yar wasan Rasha Elena Berezhnaya tana atisaye da abokin wasanta a birnin Riga na ƙasar Latvia suna juyi gefe da gefe ƙarfen takalminsa ya same ta a ka ya fasa ƙoƙon kai, sai da aka yi mata tiyata ta sake koyon magana, daga baya ta dawo har ta ci zinare a Olamfik ta 2002. Ba wai safar hannu za ta tare irin wannan ba, na kawo shi ne don a san irin abin da ke ƙasan takalmin.

Akwai wata ƙa'ida da duk filin ƙanƙara ke ji da ita, kada komai ya faɗo daga jikinka. Fil ɗin gashi guda ɗaya, ɗankunne, maɓalli, ko tsabar kuɗi daga aljihu, in ya kwanta a kan ƙanƙara wani ya taho da gudu ƙarfensa ya hau kai, tsayawa takalmin zai yi cak shi kuma jikinsa ya ci gaba. Ko a gasa, dokar hukumar wasan ta duniya wato ISU, wadda aka kafa tun 1892, ita ce in wani ɓangare na kayanka ya faɗi a kan ƙanƙara an cire maka maki 1. Don haka sarƙa, awarwaro, dogon ɗankunne, agogo mai nauyi, duk a bar su a jaka, gashi a tufke shi da roba. Dogon ƙyallen naɗe wuya shima ba a so, yana iya warwarewa ya shiga ƙarƙashin takalmi ko ya rufe maka ido kana tsakiyar juyi, in wuya ne ke jin sanyi a nemi riga mai dogon wuya.

To ina 'yan uwa mata masu hijabi, wato babu su kenan? Akwai su mana. Zahra Lari 'yar Abu Dhabi ita ce ta fara shiga gasar ƙasa da ƙasa ta wannan wasa da kanta a rufe, a 2012 a garin Canazei na Italiya alƙalai suka zaftare mata maki saboda rufe kan, ba ta yi zuciya ta bari ba, ta bi maganar har hukuma, daga baya aka daina cire mata, a 2017 kuma tana cikin 'yan wasan da Nike ta fito da hijabin motsa jiki da su. In ka kalli shigarta za ka ga yadda aka haɗa sutura da tsaro: hijabi ɗan ƙarami na roba da ake zurawa ba fil ba allura, ƙasansa a cikin wuyan riga, dogon hannu har wuyan hannu, wando mai kauri da ba ya nuna fata har kan takalmi. Wadda take jin wandon ya bayyana ta da yawa tana iya ɗora riga mai ɗan tsawo ko siket da bai wuce gwiwa ba. Abin da ba zai yiwu ba shine abaya ko dogon hijabi mai jan ƙasa, ko gyale da aka yafa kawai. Wannan ya shafi masu zuwa Dubai su shiga filin ƙanƙarar da ke cikin Dubai Mall don nishaɗi, da ɗalibanmu da ke karatu a Rasha ko Turkiyya ko Malesiya da abokai za su ja su, maza ma haka, kaftani mai tsawo da wando mai faɗi a ajiye su sai an fito.

Wani abin dariya ma, a da matsalar mata a wasan nan ba ta rufe jiki ba ce, dole aka yi musu su sa siket. Bayan surutun da aka yi kan kayan Katarina Witt ta Jamus ta Gabas a 1988 aka kafa dokar cewa sai mace ta sa siket da ya rufe ƙugu da mazaunai a gasa, sai a 2004 aka sassauta aka ce za su iya sa wando. A atisaye dai tuntuni yawancinsu wandon suke sawa, baƙi, wani ma har ya rufe saman takalmin don kada igiya ta kwance ko fatar takalmin ta karce.

Mai koyo, yaro ne ko babba, hular kwano ba abin kunya ba ce. Sabon shiga baya yake faɗuwa, ƙafafu su tafi gaba ƙeya ta bugi ƙanƙara, kuma ƙanƙara ba ta da maraba da siminti wajen tauri. A Kanada shirin koyar da masu farawa na hukumar wasan ƙasar, CanSkate, ya wajabta hular kwano irin ta 'yan hoki har sai mutum ya wuce mataki na 5. A tabbatar hular ta rufe ƙeya kuma ta zauna daidai ba ta rawa. Masu fara koyon tsalle kuma suna sa gajeren wando mai soso a ƙugu da ƙarshen ƙashin baya a ƙarƙashin wandonsu, wasu har da na gwiwa, saboda gefe ɗaya ake ta faɗuwa a kai, yau nan gobe nan, wurin ya kumbura ya yi baƙi har mutum ya fara tsoron tsallen, tsoro kuma shi ke ƙara kayar da mutum. Ni a ganina wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai ba, ya fara da hula da safar hannu, sauran ya haɗa da kayan motsa jikin da yake da su a gida in dai sun kama jiki, jaket mai tambarin kamfani ba ta hana kowa faɗuwa.

Shi kansa takalmin yana da nasa kayan, kala biyu, kuma sabbin shiga suna yawan rikita su. Akwai murfin roba mai tauri da ake sa wa ƙarfen in za a taka daga ɗakin canza kaya zuwa bakin fili, don kada siminti ko tayil ya dakusar da kaifin, a cire shi a bakin ƙofa kafin a taka ƙanƙara, wanda ya manta ya shiga da shi kuwa ko shekara nawa ya yi yana wasan sai ya sha ƙasa, don roba ba ta kama ƙanƙara ko kaɗan. Na biyun na yadin tawul ne mai laushi, in an gama a goge ƙarfen tas ya bushe sannan a sa masa shi a jefa a jaka. In aka bar shi cikin na robar ya kwana, ruwan da ya taru a ciki zai sa ya yi tsatsa, sai an kai wa mai wasa kaifi ya gyara.