Wai me ake nufi da "debut" a wakokin Japan?

Masu bin wakokin Japan da Koriya sun saba ganin kalmar nan, wance ta yi debut, rukuni kaza za su saki debut album wata mai zuwa. Da yawa suna ɗauka ranar da mawaƙi ya fara waƙa ake nufi. A Japan ba haka abin yake ba sam. Mutum zai iya shekara biyar yana hawa dandali, yana sayar da faifansa da hannu bayan an tashi daga wasa, amma a wurinsu bai fito ba tukuna, suna kiran wannan zangon indizu, wato kai da ƙaramin kamfani ko kai kaɗai. Fitowa ta gaskiya, wadda suke cewa meja debut, ita ce ranar da babban kamfanin faifai irin su Sony ko Avex ya sa sunansa da kuɗinsa a kanka. Kamar ɗan ƙwallo ne da ya daɗe yana bugawa a filin unguwa, sai ranar da babban kulob ya sa shi a wasa ake fara masa lissafi.

Toh shi kuma kundin farko, wato debut album, yawanci ba shi ke buɗe ƙofa ba. Sai an fara sakin waƙa ɗaya ɗaya an ga yadda kasuwa ta karɓa, ana duba jadawalin Oricon da ke ƙirga cinikin faifai duk sati, in abu ya yi kyau sannan a tattara waɗancan a ƙara sababbi a ce ga kundi.

Misalin da na fi so shi ne Morning Musume. A 1997 wani shirin talbijin mai suna ASAYAN ya yi gasar neman mawaƙiya, wata ta ci, sai aka ɗebo 'yan mata biyar cikin waɗanda suka faɗi aka ce musu in kuna son meja debut ku sayar da kwafi 50,000 na waƙarku Ai no Tane cikin kwana biyar, su da kansu suna tsaye suna talla gari gari kuma kyamara na binsu mutane na kallo a gida, suka sayar kafin wa'adin ma ya cika. Janairun 1998 waƙarsu ta farko a babban kamfani ta fito, kundin farko kuma First Time sai a Yulin shekarar, lokacin har an ƙara musu mutum uku sun zama takwas. Ni dai a ganina wannan gasar sayarwar rabi gwaji ce rabi talla, don kafin kundin ya fito kowa ya riga ya san fuskokinsu.

Na Perfume kuwa, wani rukunin 'yan mata uku, ya fi rikita mutane. 'Yan Hiroshima ne, tun 2002 suna da faifai, suka yi meja debut a 2005, a 2006 aka fitar musu da Complete Best wanda tattara tsofaffin waƙoƙi ne da 'yar sabuwa, kundin da aka yi shi daga tushe kuma, GAME, sai 2008, shi ne ya hau na ɗaya a Oricon. Shi ya sa za ka ga wani ya ce na 2006 ne na farko wani ya ce a'a na 2008, kuma duk suna da hujja.

Abu ɗaya da ya kamata a sani game da alƙaluman satin farko da ake ta yayatawa: kamfanoni kan fitar da kundi ɗaya a bugu biyu ko uku, wani da DVD, wani da hoton daban a bango, wani lokaci har da tikitin zuwa gaisawa da mawaƙan, masoyi ɗaya sai ya sayi duka. Don haka kwafi dubu ɗari ba lallai mutum dubu ɗari ba ne suka saya.