Wai mece ce wannan "nano" da ta cika gari?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Zariya ba ka ji "nano" ba. Maganin basir na nano, sabulu na nano, har akwai masu sharhin da ke cewa fasahar nano ta zo, an gama da ruɓaɓɓen nama. An mai da kalmar tamkar tana nufin "na zamani" ko "mai ƙarfi".

Nano awon tsawo ne kawai. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi guda shi ne nanomita, kuma abin da girmansa bai wuce 1 zuwa 100 a wannan awo ba shi masana ke kira nano. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000.

To ina amfanin ƙanƙantar? Jefa dunƙulen kanwa a ruwa, sai ka gaji da jira. Daka ta luƙui ka zuba, nan take ta narke, don ruwa ya samu inda zai taɓa ta ko'ina. Haka azurfa take idan aka mai da ita ɓurɓushin nano: tana sakin sinadarin da ke huda fatar ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, ya dagula musu aikin ciki. Shi ya sa masu bincike ke cuɗa ta, ko wani farin sinadari mai suna zinc oxide, cikin ledar naɗe nama, don a rage saurin yaɗuwar ƙwayoyin.

A rage, na ce. Naman da ya sha ƙuda a kan teburin mahauci tun hantsi, aka wanke shi da ruwan kwatami, ga wuta ba ta tsayawa balle firji ya yi sanyi, babu ledar da za ta cece shi. Wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus ma dafi take zubawa a nama, kuma ko an kashe ta, ko an gasa tsiren ya yi jawur, dafin na nan.

Sannan abin da ya huda ƙwayar cuta, wa ya ce ba zai bar ledar ya shiga balangun ba? A 2022 Tarayyar Turai ta haramta sa titanium dioxide, wani sinadarin ƙara wa abinci fari mai ɗauke da ɓurɓushin nano, a abinci, saboda masananta sun kasa ba da tabbacin cewa ɓurɓushinsa ba ya taɓa ƙwayoyin gado. Wannan ɓangaren dai masu talla ba sa kawo shi.