Matilda (littafin yara)

Matilda ƙagaggen labari ne na yara da Roald Dahl (1916–1990), marubuci ɗan Birtaniya haifaffen Wales, ya rubuta da Turanci. Kamfanin Jonathan Cape ya buga shi a Landan a 1988, Quentin Blake kuma ya yi zane-zanen ciki.

Labarin

Matilda Wormwood yarinya ce da ta koya wa kanta karatu tun tana shekara 3, da jaridun da ke yashe a gida. Iyayenta ba su damu da ita ba. Uban dillalin tsofaffin motoci ne mai ha'inci: yana zuba garin katako a giyar mota don ƙarar ta lafa, yana kuma mayar da lissafin tafiyar mota baya, dabarar da ba sai an yi wa mai sayen motar hannu a Kaduna dogon bayani ba. Uwar kullum tana wajen wasan bingo, wata irin caca. Sai yarinyar ta riƙa sulalewa ɗakin karatu na ƙauyensu, inda ta cinye littattafan yara kaf, ta shiga na Charles Dickens tana shekara 4.

A makaranta ta haɗu da malama Honey mai tausayi, da shugabar makaranta Trunchbull, tsohuwar 'yar wasan jifa da ta taɓa kama wata ɗaliba ta kitso ta wurgar. Ranar da aka ɗora wa Matilda laifin da ba ta yi ba, ta ƙura wa kofin ruwa ido cikin fushi har ya kife. Daga nan ta yi ta gwaji a ɓoye da sigarin ubanta, har ta iya ɗaga alli ya yi rubutu a allo da sunan marigayi mahaifin Honey. Trunchbull ta sume, daga baya ta bar gari.

Wanda ya tashi da tatsuniya zai gane Honey nan take: marainiya ce da 'yar'uwar mahaifiyarta, wato Trunchbull, ta cinye wa gado. Sai dai a tatsuniya tsohuwar bakin rafi ko aljani ke kawo ɗauki, a nan kuwa ƙwaƙwalwar da ta ƙoshi da karatu ce. Da aka kai Matilda babban aji, baiwar motsa abubuwa da ido ta ɓace.

Rubutawa

An ce a rubutun farko Matilda muguwar yarinya ce, kuma mutuwa take yi a ƙarshe. Dahl ya watsar da wannan, ya sake labarin.

Fim da taƙaddama

Danny DeVito ya mai da shi fim a 1996, ya kai labarin Amurka. An yi wasan dandamali mai waƙe-waƙe a Ingila a 2010, aka ɗauke shi fim a 2022. A 2023 kamfanin Puffin ya sauya wasu kalmomi a littattafan Dahl, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai ya ce zai ci gaba da buga na asalin ma.