Karan ɗori a rubutun Turanci: ina yake shiga, ina ba ya shiga?

Mai rubutun Hausa ba baƙon karan ɗori ba ne: shi muke sawa a tafiye-tafiye da ciye-ciye. Sai dai a Turanci aikinsa daban ne, kuma yana cikin wuraren da jan biron malami ke sauka a takardun ɗaliban Kaduna, ko na sakandare masu shirin WAEC ko na jami'a.

Babbar ƙa'idar guda ce. Idan kalmomi biyu ko fiye suka taru suna siffanta suna ɗaya, kuma suka zo gabansa, a ɗora su: a well-known doctor, a five-year-old boy. Da zarar sun koma bayan sunan, karan ya faɗi: the doctor is well known, the boy is five years old. Dalilin shi ne kada mai karatu ya rasa wace kalma ke tare da wace. Mai shago a Kasuwar Barci da ya rubuta small-business owner ya ce kasuwancinsa ne ƙarami. In ya cire karan, wani na iya ɗauka shi kansa ne ɗan tsurut.

Akwai togaciya. Kalmar da ke ƙarfafa siffa kuma ta ƙare da ly ba ta son kara, don haka highly qualified teacher haka nan yake, kodayake masu rubuta takardar neman aiki sun cika liƙa masa.

Lambobi masu kalma biyu daga twenty-one zuwa ninety-nine duk da kara ake rubuta su, har a cakin banki.

Inda abin ya fi haɗari shi ne re. Ɗan ƙwallon da aka ce ya yi re-sign ya sabunta kwantiraginsa ne; wanda ya yi resign kuwa ya ajiye aiki.

Sauran kalmomin da suka daɗe a haɗe ba su da tsayayyar doka, Turawan ma sauyawa suke yi. A 2007 ƙaramin ƙamus na Oxford ya cire karan daga kalmomi kusan 16,000, daga baya kuma e-mail ya zama email a yawancin jaridu. A irin waɗannan, ni a ganina duba ƙamus ɗaya na zamani ka bi shi daga farkon takardarka har ƙarshenta ya wadatar.