Wai "diyya" ko kuɗin share ɓarna? Ku daina cakuɗa mana su

Kwana biyun nan duk gidan rediyon da ka kama a Kano in dai aka taɓo maganar Neja Delta sai ka ji mai sharhi ya ce ai an ba 'yan Ogoni diyyar dala biliyan 1 kan malalar ɗanyen mai da ta ɓata musu ƙasa da ruwa, me kuma suke nema. Haba malam. Wannan kuɗin fa ba diyya ba ne, kuma ba a raba wa kowa shi a hannu ba.

Diyya dai mun santa tun a makarantar allo, haƙƙin wanda aka cuta ne, shi ake damƙa wa ko magadansa. Tara aljihun hukuma take shiga. Sai kuɗin share ɓarnar, wanda shi kuma na 'yan kwangila ne da injina da masu gwajin ƙasa da ruwa. Ka ɗauka shaddar maƙwabcinka ta fashe ta malalo gidanka a Kurna, kuɗin masu kwasa daban, kuɗin katifa da buhun shinkafarka da suka lalace daban, abin da duba-gari zai ci shi kuma daban, to in ya biya masu kwasa ya ce maka ai ya biya ka diyya za ka yarda?

Dala biliyan 1 ɗin nan daga rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito a 2011, shawara suka bayar a kafa asusu na shekara 5 na farko, don sun ce gyaran Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, har sun samu rijiyoyi a garin Ogale da sinadarin benzin, wata guba da ke cikin ɗanyen mai, ya ninka abin da aka yarda a sha sau 900. Osinbajo ya ƙaddamar da aikin a 2016, HYPREP, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa don share ɓarnar, ita ce ke riƙe da shi. In diyya ta gaske kake nema ka duba garin Bodo da ke ƙasar Ogoni, inda bututu ya fashe a 2008, mutanen garin suka maka Shell a kotun Landan, a 2015 kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 55, miliyan 35 ga ɗaiɗaikun mutane, galibi masunta, ragowar ga al'umma.

Abin da ya sa nake jin haushin cakuɗawar shi ne akwai doka a wajen. In aka ce ɓarayin mai ne suka fasa bututu, kamfani ba ya biyan diyya, amma sharewa tana wuyansa ko ma waye ya fasa. Shi ya sa rigimar duk take komawa kan ziyarar binciken haɗin gwiwa da kamfani da hukuma da mutanen gari ke kaiwa wajen da mai ya malala, inda ake rubuta musabbabin malalar. Kuma nan ne abin ke ba ni dariya da takaici, hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 don ta sa ido kan malalar mai, sau da yawa sai a jirgin ruwa ko helikwaftan kamfanin da ake zargi take zuwa wajen, don kasafinta bai kai ba. Wanda ya ɗauko ka ya kai ka ya ciyar da kai, da wane baki za ka rubuta cewa bututunsa ne ya ruɓe? Tarar rashin kai rahoto ma naira 500,000 ce a kullum a dokar, wadda ga kamfanin mai ko kuɗin shayi ba ta kai ba.

Amurka bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya malalar da mai a teku a 1989 doka suka yi a 1990, da asusu na musamman da aka riƙa cika shi da haraji kan kowace ganga, yadda in mai ya malala za a fara aiki nan take, daga baya a bi mai laifi a karɓo. Ni a ganina irin wannan ya kamata 'yan majalisarmu su matsa a kai, musamman na Arewa da suke ganin abin bai shafe su ba, alhali tun 2022 Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, kuma gonaki ne da wuraren kiwo zagaye da wajen.