Waiwaye: shekara talatin da huɗu kafin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya samu amincewa

A 1987 ne masu bincike na kamfanin magunguna da yanzu ake kira GSK, tare da cibiyar binciken sojojin Amurka ta Walter Reed, suka haɗa allurar rigakafin maleriya mai suna RTS,S. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a yi wa yara ita ba sai a watan Oktoba na 2021. Wani ɓangare na wannan jinkiri daga ƙwayar cutar yake, sauran kuwa rashin kuɗi ne, domin masu buƙatar allurar ba su ne masu iya sayenta ba.

Ƙwayar maleriya tana da wuyar sha'ani. Tana da ƙwayoyin halitta sama da 5,000, kuma tana sauya kama a kowane zango. Idan sauro ya ciji yaro, 'yan ƙwayoyin da ya zuba kan isa hanta cikin ƙanƙanin lokaci, su yi kusan mako guda suna hayayyafa a ɓoye, sannan su fantsama cikin jini. Allurar tana koya wa jiki ya gane furotin ɗin da ke lulluɓe da ƙwayar tun kafin ta shiga hanta. Ko ɗaya ce ta kuɓuce, yaro na iya kwanciya. Shi ya sa kariyar ba ta cika ba, kuma take raguwa in an jima.

Aikin ya samu ƙarfi ne a 2001, lokacin da ƙungiyar PATH mai aikin kiwon lafiya ta shigo da tallafin Gidauniyar Gates. Babban gwajin da aka yi daga 2009 zuwa 2014 a ƙasashen Afirka bakwai, da yara kusan 15,000, ya nuna raguwar kamuwa da kimanin kashi 36 cikin ɗari a shekara huɗu ga waɗanda suka samu allura huɗu. Wasu sun raina wannan adadi, amma gwajin aiwatarwa da aka fara a 2019 a Ghana da Kenya da Malawi ya kai ga yara fiye da miliyan biyu, mace-macensu kuma ya ragu da kashi 13 cikin ɗari. A ƙasar da maleriya ke kashe yara kowace damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allura ta biyu, R21, ta fito daga Jami'ar Oxford. A gwajin Nanoro ta Burkina Faso, da yara 450, ta nuna kariyar kashi 77 cikin ɗari a 2021. Babbar fa'idarta ita ce yawa da araha: kamfanin Serum na Indiya na iya sarrafa allura miliyan 100 a shekara, kowace a ƙasa da dala huɗu, alhali miliyan 18 kacal na RTS,S aka tanada daga 2023 zuwa 2025. Dukansu biyun suna dogara ne da sinadarin ƙara ƙarfi da ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile. Ghana da Najeriya sun amince da R21 a Afrilun 2023, Kamaru ta fara sa rigakafin maleriya cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta fara a Gaya a shekarar, Najeriya kuma a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba.

A wurin aiki ake samun cikas. A Najeriya ana yin allurar a wata biyar, shida, bakwai, sai ta huɗu a wata goma sha biyar, kuma ita ce aka fi tsallakewa, don uwa kan ɗauka an gama tun da yaro ya fara tafiya. Dole a ajiye kwalaben a sanyin digiri 2 zuwa 8, in suka daskare sun lalace. RTS,S kwalba biyu ce, gari da ruwa, in an haɗa su dole a yi amfani da su cikin awa shida. Allurar kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ko maganin da ake raba wa yara wata-wata da damina ba. Wani bincike da aka yi a Mali da Burkina Faso ya nuna haɗa ta da wannan magani ya fi kowanne shi kaɗai kariya nesa ba kusa ba.

Kuɗin ya sake zama abin damuwa. A 2023 dala biliyan 4 aka samu don yaƙi da maleriya a duniya, alhali biliyan 8.3 ake buƙata. A Yunin 2025 Amurka ta ce ta daina ba Gavi kuɗi, wato ƙawancen da ke taimaka wa ƙasashe matalauta sayen rigakafi. Gavi ce kuwa ke biyan mafi yawan kuɗin waɗannan allurai, taron neman tallafi da ta yi a birnin Birasal kuma ya tara sama da biliyan 9 cikin 11.9 da ta nema.